Idan Zoom ko Teams Ta Ƙi Shiga a Kwamfuta: Yadda Za Ka Gano Matsalar Ka Gyara

Kiran bidiyo ya daina zama harkar mutanen Abuja da Legas kaɗai. Malami a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yana halartar taron ƙara wa juna sani ta Zoom. Ɗaliba a kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega tana jiran ganawar neman tallafin karatu. Ma'aikacin sakatariyar Maiyama an turo masa mahaɗin horaswa ta Teams daga Birnin Kebbi. Abin da ke ɗaga wa dukkansu hankali ɗaya ne: saura minti biyar a fara, ka saka imel da kalmar sirri, 'yar da'irar nan ta yi ta wulwulawa, can sai manhaja ta rubuto cewa ta kasa haɗuwa.

A nan ne mutane ke yin asara. Wani ya goge manhajar ya sake saukewa, data ta tafi, matsala tana nan daram. Wani ya kai shago a ce masa sai an yi wa kwamfutar fomatin, ya rasa takardunsa a kan abin da ba ya cin minti uku. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da masu ɗori, kuma mai ɗori ba ya ɗaure ƙafa daga jin an ce ta karye, sai ya bi ƙashin da yatsu ya gano daidai inda ya tsage. Haka wannan gyara yake. Wuraren da shiga ke katsewa biyar ne: hanyar intanet, saitin kwamfuta, ita manhajar, asusunka, sai kuma kamfanin da kansa. Goge manhaja na magance ɗaya ne kawai cikin biyar ɗin.

Fara da karanta abin da ta rubuta

Mai gyaran da ya san aikinsa, kafin ya taɓa komai zai tambaye ka: "Malam, mi ta rubuto maka?" Galibi amsar da yake samu ita ce: "Wallahi ban duba ba, na dai ga ta ƙi." To ka duba, ka ma ɗauki hoton allon da wayarka, domin lambar da ke ƙasan saƙon ita ce rabin maganin.

- A Zoom, lambobin 5000, 5003 da 5004, da waɗanda suka fara daga 104101 zuwa sama, duk suna nufin manhajar ta kasa kai wa ga uwar garken kamfanin. Ba maganar kalmar sirri ba ce.
- A Teams, CAA20003 na nuna an ƙi ba ka izini, kuma abu na farko da Microsoft ke cewa a duba shi ne kwanan wata da agogo.
- CAA82EE2 na nufin ta jira amsa har ta gaji. CAA82EE7 kuma ta kasa gano adireshin uwar garken. Duka biyun ciwon hanya ne.
- CAA90018 na nufin bayanan shigar da ake amfani da su ba su ne daidai ba.

Gwajin da ke raba gardama

Rufe manhajar, ka buɗe burauza, Chrome ko Edge ko Firefox. Shiga fast.com ka ga ko zai buɗe. Daga nan ka je zoom.us ka gwada shiga asusunka a can. Idan Teams ce, teams.microsoft.com na asusun makaranta ko ofis ne, teams.live.com kuma na asusun kanka. Ɗaya cikin huɗu zai faru:

1. Babu shafin da ya buɗe: matsalar hanya ce.
2. Burauza ta fito da jan gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne, ko ta ce agogonka na baya ko na gaba: matsalar agogo ce.
3. Shafi ya buɗe amma ya ƙi karɓar kalmar sirri: matsalar asusu ce.
4. Ka shiga lafiya lau a burauza, manhaja ce kawai ta kafe: sai a duba ita, da abin da ke tare mata hanya a cikin kwamfutar.

Amsar da ka samu ita za ta nuna maka sashen da za ka nufa a ƙasa.

Hanya: data da sabis

A wannan yanki na Aliero da Jega da Maiyama, mafi yawan masu kwamfuta daga waya suke jona intanet ta hotsfot. Ganin alamar Wi-Fi ta cika a kwamfuta ba ya nufin akwai intanet. Abin da alamar ke nunawa kawai shi ne kwamfuta ta ga wayar.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne nau'in datar. Kamfanonin sadarwa na sayar da data mai rahusa wadda ba ta aiki sai a WhatsApp da Facebook da makamantansu, akwai kuma ta dare da ta YouTube. Sai ka ga saƙonni na shigowa waya rututu, ka rantse kana da data, alhali babbar datar ta ƙare tun jiya. Zoom da Teams ba sa cin irin wannan. Danna *323# ka ga ragowar kowane nau'i daban, *312# kuma na saye ne. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa ta haɗe waɗannan lambobi, suka zama iri ɗaya a dukkan layuka.

Idan akwai data, sai a duba sabis:

- Ɗakin da ke da rufin kwano da katanga mai kauri yana danne sabis. Ajiye wayar a bakin taga, kai ka zauna inda kake so.
- Duba ko wayar na kan 4G ne ko ta faɗo 3G ko E. Kunna yanayin jirgin sama na daƙiƙa goma ka kashe, sau da yawa takan koma.
- Jona waya da kwamfuta da igiyar caji, ka kunna USB tethering a saitin wayar. Ya fi hotsfot tsayawa, kuma wayar na samun caji.
- A zafin Maris da Afrilu, wayar da ke caji tana kuma ba da hotsfot takan ɗau zafi ta katse da kanta. Cire mata riga, kada ka bar ta a rana ko kan katifa.
- Layin da ke gudu a tsakiyar Jega ba lallai ya yi ƙarfi a Mungadi ko Andarai ba. Wanda taro ke da muhimmanci a gare shi ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban.

Ba a buƙatar gudu mai yawa. Zoom ta ce kiran mutum biyu na bidiyo na buƙatar kimanin kilobit 600 a daƙiƙa, mai hoto tangaran kuma megabit 1.2. Abin da ke hana shiga ba ƙarancin gudu ba ne kamar yawan yankewa. Idan kuma Wi-Fi na makaranta ko otal kake amfani da shi, wani yana da shafin da sai ka saka suna ko lamba kafin ya sake ka. Buɗe burauza tukuna shafin ya fito, domin manhaja ba za ta nuna maka shi ba.

Agogo: ƙaramin abu mai hana ruwa gudu

Duk lokacin da manhaja za ta aika kalmar sirrinka, sai uwar garke ta fara nuna wa kwamfutarka takardar shaida, mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Kwamfutar na gwada ranakun nan da nata agogon. Idan agogonta ya koma shekarun baya, sai ta ga takardar ba ta ma fara aiki ba, ta ƙi amincewa. Haka kuma izinin shiga da kamfani ke bayarwa yana da ɗan wa'adi, wanda kuskuren 'yan awanni ke iya lalatawa.

Abu biyu ke ɓata agogo a nan. Na farko batir ne. A jikin allon cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir fari mai faɗin kwabo, yawanci an rubuta masa CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. Kwamfutocin tokumbo da muke saye sun riga sun kwana biyu, batirin ya raunana, babban batirin ma ya daina riƙe caji. Da an ɗauke wuta ta mutu, sai agogo ya koma baya. Alamarsa ita ce kullum ka gyara, gobe ka tarar ya sake ɓaci. Canza ɗan batirin ba shi da tsada. A wasu ƙananan kwamfutoci an naɗe shi da roba da 'yar waya, don haka a bar wa mai gyara.

Na biyun ya fi wuyar ganewa. Kwamfuta ta zo daga Amurka ko Ingila da yankin lokacin can a saite. Mai ita ya ga agogo bai yi daidai ba, sai ya juya awa da hannu har ta dace da lokacin Jega, bai taɓa yankin lokaci ba. A ido komai daidai, ƙarfe goma ta nuna goma. Amma a lissafin da kwamfuta ke yi da duniya, ta kauce da awa ɗaya ko fiye. Mutum zai yi ta dubawa yana cewa ai agogona lafiya.

Gyaran:

1. Danna ɓangaren dama na linzami a kan agogon da ke ƙasan allo, ka zaɓi Adjust date and time.
2. A wurin Time zone, zaɓi West Central Africa, wato UTC+01:00. Shi ne lokacin Najeriya da Nijar.
3. Idan shekara ta yi nisa da gaskiya, gyara ta da hannu tukuna, ka kula da bambancin AM da PM.
4. Kunna Set time automatically, ka danna Sync now.
5. Rufe manhajar gaba ɗaya, har da 'yar alamarta da ke ɓuya kusa da agogo, ka sake buɗewa.

Furoksi da VPN: ragowar tsohon saiti

Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, mutane da dama sun saka VPN. Wasu kuma sun saka manhajojin neman intanet kyauta, waɗanda ke canza saitin furoksi, wato su sa duk abin da ka nema ya bi ta wata kwamfuta daban. An daina amfani da su, an ma manta, amma saitin na nan yana aika manhajarka zuwa adireshin da ya daɗe da mutuwa. Kwamfutar da ta fito daga wani kamfani a waje ma takan zo da furoksin ofishinsu a ciki.

Kashe VPN, in ba ka amfani da shi ka cire shi. Sannan danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta inetcpl.cpl. Shiga Connections, sai LAN settings, ka cire alamar da ke kan Use a proxy server. Idan a kan intanet ɗin ofis ko jami'a kake, tambayi mai kula da shi kafin ka taɓa, don wataƙila su suka saita.

In har yanzu shiru, musamman idan ka ga CAA82EE7, nemo Command Prompt, ka buɗe shi da Run as administrator, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

ipconfig /flushdns

netsh winsock reset

Na farko yana goge tsofaffin adiresoshin da kwamfuta ta haddace, na biyu yana mayar da saitin sadarwa yadda ya zo. Sai ka kashe ka kunna. Wanda ya iya kuma yana iya sauya DNS zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Antibairos da katangar tsaro

Masu sayar da kwamfuta sun saba loda antibairos biyu ko uku, wasu ma wa'adinsu ya ƙare. Irin waɗannan na iya tare manhaja ba tare da sun sanar ba. Dakatar da antibairos ɗin na minti goma ka gwada shiga. Idan ta shiga, ka kama mai laifi: ko dai ka saka manhajar cikin jerin waɗanda ya yarda da su, ko ka cire shi ka bar kariyar da Windows 10 da 11 ke zuwa da ita. Kada ka bar kwamfuta babu kariya don taro ɗaya.

A katangar Windows, shiga Windows Security, sai Firewall and network protection, sai Allow an app through firewall, ka tabbata manhajar na da alama a Private da Public. Idan kuma ta shiga a hotsfot ɗinka amma ta ƙi a intanet ɗin ofis, to a can aka toshe. Gaya wa mai kula da shi cewa Zoom na buƙatar ƙofofin TCP 443, 8801 da 8802, da UDP 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810.

Ita manhajar

Sai yanzu aka zo kanta. Idan Skype kake ta fama da ita, ka huta: Microsoft ta rufe ta ranar 5 ga Mayu, 2025, ta mayar da masu asusu Teams, kuma da tsohon sunanka da kalmar sirrinka za ka shiga can. Tsohuwar Teams ta kwamfuta ma an daina amfani da ita, sai sabuwar. Zoom kuwa lokaci zuwa lokaci tana ɗaga mafi ƙarancin sigar da take karɓa, wadda ta tsufa da yawa ba ta shiga sai an sabunta. Don haka kwafin da aka zuba maka a filas shekara biyu da suka wuce ba zai yi ba. Sauke daga shafin kamfanin kawai.

Windows ɗin ma abin dubawa ce. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, kuma sabuwar Teams ba ta hawa kanta. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, duk da cewa manhajojin na aiki a kanta. Mai tsohuwar Windows ya koma inetcpl.cpl, ya shiga Advanced, ya gangara ƙasa ya tabbata akwai alama a kan Use TLS 1.2, domin uwayen garke na yanzu ba sa karɓar tsarin tsaron da ya gabace shi.

Wani lokaci tarkacen da manhaja ta ajiye ne ya lalace, musamman idan wuta ta ɗauke tana tsakar aiki. Ga sabuwar Teams: Settings, Apps, nemo Microsoft Teams, Advanced options, ka fara da Repair, in bai yi ba ka danna Reset. Ga Zoom: cire ta, ka danna Windows da R ka rubuta %appdata%, ka goge jakar Zoom da ke ciki, sannan ka saka sabuwa. Tarukan da ka naɗa ba su nan, suna cikin Documents.

Asusu

Kafin ka ce an sace maka asusu, buɗe Notepad ka rubuta kalmar sirrin ka gani da idonka. Kwamfutar da ta zo daga Ingila alamar @ tana kusa da Enter, ta Amurka kuma tana kan lamba 2. Idan tsarin da ke cikin Windows ya saɓa da abin da aka zana a maɓallan, sai ka danna @ ta fito da wata alama, kai kuma ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Duba Caps Lock ma, da Num Lock, wanda a wasu ƙananan kwamfutoci ke mayar da haruffa lambobi.

Sauran abubuwan lura:

- Wanda ya buɗe Zoom ta hanyar danna Google ko Facebook, ta nan zai ci gaba da shiga. Kalmar sirrin Gmail ba ta aiki a akwatin Zoom kai tsaye.
- A Teams, asusun da makaranta ko ma'aikata ta ba ka daban ne da naka na kanka. Idan na makaranta ya kulle, sashen kwamfutarsu ne kawai zai buɗe.
- Shiga daga sabuwar na'ura kan sa a turo lamba ta imel ko waya. Duba akwatin Spam, kuma ka tabbata layin da ka yi rajista da shi yana hannunka.
- Idan ka canza kalmar sirri amma manhaja na ta gwada tsohuwar, buɗe Credential Manager ka goge abin da ya shafe ta.
- Kada ka yi ta gwadawa babu ƙaƙƙautawa, za a iya kulle asusun na ɗan lokaci.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: 'yan damfara kan kira mutum su ce daga ƙungiyarsa ne, za a yi taro ta Zoom, an turo masa lamba shida ya karanto musu don a saka shi. Lambar tabbatar da WhatsApp ɗinsa ce, da ya faɗa sun ƙwace asusun. Babu taron Zoom ko Teams da ke buƙatar ka karanta wa wani lambar da aka turo maka.

Idan laifin ba naka ba ne

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka wuni ana fama a Najeriya da Gana da maƙwabtansu. Ranar 16 ga Afrilu, 2025 kuma Zoom kanta ta tsaya na kusan awa biyu saboda tangarɗa a adireshinta. A irin waɗannan ranaku duk wanda ya yi fomatin ya yi a banza. Kira abokin aiki a Sakkwato ko Birnin Kebbi ka ji. Idan shi ma ta ƙi, ajiye kwamfutar ka jira.

Idan an riga an fara taro

Wannan ba lokacin gyara ba ne. A mafi yawan tarukan Zoom ba sai ka shiga asusu ba: danna Join, ka saka lambar taro da lambar sirrinsa, sai dai in mai taron ya sharɗanta shiga da asusu. In manhaja ta ƙi, buɗe mahaɗin a burauza ka zaɓi shiga ta nan, Zoom da Teams duk suna da wannan, Google Meet kuwa dama a burauza take aiki. In duk sun ƙi, shiga da waya, ka kashe bidiyo don murya ta tsaya, ka tura wa mai taron saƙo ya san halin da kake ciki.

Ga taro mai muhimmanci, yi gwaji tun daren da ya gabaci taron: buɗe zoom.us/test, wanda taron gwaji ne na kyauta, ka ji muryarka ka ga hotonka, ka duba data da agogo, ka cika waya da kwamfuta da caji tun akwai wuta. Idan ta kai ga zuwa shago, tafi da hoton saƙon da ta rubuta, ka faɗa wa mai gyara abin da ka riga ka gwada da abin da burauza ta nuna. Kwafe takardunka a filas kafin ka miƙa, kai za ka saka kalmar sirrinka da hannunka, kuma kada ka yarda da fomatin sai ya nuna maka ya duba agogo, furoksi da antibairos a gabanka.